Bangon Kawu: yadda silimarmu ta daren Asabar ke tafiya a Tawa

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Jiya muka shafe bangon. Bokiti biyu na farar ƙasa, tsohuwar tsintsiya, ni da Koci da yara huɗu cikin ƴan ƙwallonsa. Bangon bayan gidan Kawu ne, wanda ke kallon filin unguwa. Kawu ya yarda bisa sharaɗi biyu: ba a farawa sai an sallame isha'i, kuma kada ya ga namiji ya rungumi mace a jikin bangonsa. Na ce, "Kawu, masu waɗannan fina-finan ko kuɗin fitila da ƙyar suka samu, ina suka ga sukunin rungume-rungume?" Bai yi dariya ba, amma ya ba da tabarmi uku.

Bari in rubuta mafarin abin, don kada gaba mu yi gardama ni da Koci kan wanda ya kawo shawarar. Shi ya kawo ta. Abokina ne tun ajin farko na lakwal. Da rana tela ne, da la'asar kuma yana horar da yara goma sha takwas, ƴan shekara 12 zuwa 15. Tun damina biyu daga cikinsu ba sa ga maciji, mai tsaron gida da mai lamba tara, kuma duk a kan ƙyallen kapitan ne. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kai ƙara wurin iyaye, a banza. Ran nan muna shan shayi sai ya ce, "Kai da ka tara fina-finai kamar mai shirin buɗe kanti, babu wanda zai yi wa yaran nan magana? Bakina ya ƙare."

Ni kuwa dama abin nema ya samu. Shekara da shekaru ina tara ƙananan fina-finai, irin waɗanda mutum ɗaya ya yi da kyamarar aro da ƴan abokansa, ba wani babban kamfani a bayansa. Yawanci na ƙasar nan tamu Nijar ne da na maƙwabta. Ni kaɗai nake kallonsu a kwamfuta, uwargida na wucewa tana cewa ga fina-finan nan da ba a komai a cikinsu. A unguwa kuwa kowa ya san abin da ake kallo: Indiya mai fassarar Hausa, na Kano, sai ƙwallon Turai a gidan kallo. Ban raina ko ɗaya ba, ni ma da su na tashi.

Majigi aro ne daga wani abokin aikina malamin lissafi. Gurup, wato injin wuta, na shagon Koci ne. Lasifika da mikoro na wani mai kiɗan biki ne, kuma ya ce duk Asabar ɗin da aka ɗauke shi aure, to mu san inda dare ya yi mana. Kallo kyauta ne. Tun da yawancin fina-finan da Faransanci ko Zabarmanci suke, ni ne tafinta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An yi na farko. Na ƙirga mutum 63 kafin in gaji da ƙirga, fiye da rabi yara.

Da Moustapha Alassane muka buɗe, don ba zai yiwu a nuna silima a Tawa a tsallake shi ba. Ba nan aka haife shi ba, ɗan Ndunga ne can gaɓar kogi, haihuwar 1942, amma nan ya zauna shekaru masu yawa, yana da masauki a garin nan, kuma a cikinsa yake zane da haɗa ƴan tsanarsa. A Wagadugu ya rasu cikin Maris 2015. Na tambayi yaran ko akwai wanda ya taɓa jin sunansa. Shiru. Sai wani dattijo daga bayan tabarmi ya ce, "Wanga mai kwaɗi? Mun san shi mana."

Mai kwaɗin kuwa shi muka fara sakawa, *Kokoa*, ɗan gajeren fim da bai kai minti goma sha biyar ba, inda kwaɗi da hawainiya ke kama kokowa a fage, da makaɗa da ƴan kallo. Ƴan tsana ne, a motsa hannu kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara motsawa a ƙara ɗauka, har motsi ya fito. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Yaran sun rabu gida biyu nan take, kowa ya zaɓi ɗan kokowarsa, ana kirari ana tsalle.

Sai *Le Retour d'un aventurier* na 1966. Saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, malafa da bindigogi da takalma, ya rarraba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Bature. Da wasa aka fara, da dawakai da gudun tsere, har abin ya fi ƙarfinsu, suka addabi gari, suka juya wa junansu. A nan Zalika Souley ta fito, wadda ta zama babbar ƴar wasan ƙasar nan. Na zaɓe shi don yaran Koci, in ga ko za su gane yadda ƙyalle da malafa ke raba abokai.

Ban sani ba ko sun gane, don ban bar su ba. Tun da fim ya fara bakina bai huta ba. In an yi magana in fassara, in ba a yi ba in yi bayani: ga abin da yake nufi, ku lura da fuskarsa, wannan kwaikwayon fina-finan Amurka ne. Na ɗauki salon masu fassarar Indiya ban sani ba, sai dai su suna ba da dariya, ni kuwa darasi nake bayarwa. Da aka tashi Kawu ya tsaya yana naɗe tabarmarsa, ya ce, "Kai ɗan nan, mu mun zo kallo ne ko mun zo lakwal? Mutum ya hau doki, ka ce muna ya hau doki. Makahi ne mu?"

Laraba, 20 ga Nuwamba

Asabar da ta wuce ba a yi ba. An ɗauke wuta tun magariba, gurup ya tashi ya yi tari sau biyu ya mutu. Buji ne. Jika biyu aka kashe, wato sefa dubu biyu. Yara sun zauna sun kalli farin bango kusan rabin awa kafin su yarda su watse.

Lahadi, 1 ga Disamba

Daren jiya shi nake son in tsaya a kansa.

Mun nuna fim ɗin Sani Magori na 2008, *Pour le meilleur et pour l'oignon*. Ɗan Galmi ne, noma ya karanta kafin ya kama kyamara, kuma a garinsu ya ɗauke shi, cikin mutanensa. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Budurwa ce ta yi shekara biyu tana jiran aurenta, dangin miji sun matsa, gari ya ɗauki gulma, uban ya ce to an sa rana: in an cire albasa. Shi ke nan labarin. Aure ya rataya a wuyan albasa, albasa kuma ta rataya a wuyan ruwa da taki da farashin da ƴan kasuwa za su yanka.

Da Hausa ake magana a ciki, Hausarmu ta nan yankin, don haka na ajiye mikoro na koma gefe na zauna a kan benci. Karo na farko ke nan da na kalli masu kallo.

A layin gaba akwai wata Hajiya maƙwabciyar Kawu, wadda ta zo da kujerarta ta roba, ta ce ita ba ta zama a ƙasa da ɗari. Duk lokacin da aka nuna uban yarinyar yana duban gonarsa bai ce komai ba, sai in ga ta gyaɗa kai, tana murza carbi da sauri. Bayanta wasu samari uku ƴan ga-ruwa suna gardama ƙasa-ƙasa kan ko ya kamata ya sayar da wuri ko ya zuba a rudu, wato rumbun albasa, ya jira. Sun san zancen fiye da ni. Lokacin cira kowa ke fitowa da tasa, buhu ya faɗi warwas, wanda ke da hali ya ajiye wata uku ko huɗu ya ci riba, in ba ta ruɓe ba. Wanda bashi ko biki ya shaƙe, shi ba ya da jira. Babu wanda ya yi musu wannan bayanin daga bango. Sun gan shi a fuskar mutumin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƴan mata. Su ne na yi tsammanin za su fara tashi, don ba waƙa, ba rawa a lambu, ba saurayi mai mota. Ba wadda ta motsa. Da aka gama, ƙanwata ta ce, "Yaya, ai wannan ba fim ɗin soyayya ba ne, ko sau ɗaya ba a ce ina sonki ba." Kafin in buɗe baki Hajiya ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta ce, "Ke ɗiyata, shekara biyu tana zaune ana yi da ita a bakin rijiya ba ta ce a ba ta wani ba. In wannan ba so ne ba, mi ne ne?" Aka yi shewa. Gardama ta kama har aka kashe gurup, ana yi a cikin duhu. Wasu na cewa haƙuri daban so daban, wata ta ce da an tambayi yarinyar da wataƙila wani zance za a ji. Ina ganin ita ma wannan tana da gaskiya, kuma fim ɗin bai hana a faɗe ta ba.

Koci ya raka ni gida yana tura babur. Ya ce, "Ka ga yau da ka yi shiru, an ji fim." Na ce ai da Hausa yake. Ya ce, "Ko da Sinanci yake."

Talata, 17 ga Disamba

Na ɗauki wata ƙa'ida, na rubuta ta a bayan hannuna da biro ranar Asabar: abin da aka faɗa kawai za a fassara. In ɗan wasa ya yi shiru, ni ma shiru. Da wuya ƙwarai. Akwai wuraren da na ji bayani na yi mini ƙaiƙayi a maƙoshi, sai in danne maɓallin mikoro in sa shi tsakanin gwiwoyina.

Fim ɗin ƙwallo muka sa, wanda aka fara wannan aikin dominsa: *Le Ballon d'or* na Cheik Doukouré, ɗan Gini, 1994. Yaron ƙauye ne mai ƙafar zinariya, da ƙwallon tsumma ya fara, wata likita Baturiya ta ba shi ta fata, ƙaddara ta kai shi Konakiri. A can mutum biyu suka ja shi, kowa ta nasa ɓangare: mai horarwa da ke son ya zauna ya koyi wasa tare da ƴan uwansa har ƙashinsa ya yi ƙwari, da ɗan kasuwa da ya ga kuɗi na tafiya da ƙafa biyu, yana son a kai shi Faransa tun yanzu.

Kafin a fara na ba su labari ɗaya kawai, don ya cancanta. Wanda ya fito a mai horarwar ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, Salif Keita ne na Mali, ɗan ƙwallon, ba mawaƙin ba. Shi aka fara ba kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1970. A 1967 ya sauka filin jirgin Paris ba wanda ya tarbe shi, ya tare tasi ya ce a kai shi Saint-Étienne, tafiyar kilomita kusan ɗari biyar, kulob ɗin ya biya. Ya rasu a 2023. Yaran sun fi jin daɗin zancen tasin fiye da na kyautar.

Koci ya zaunar da yaransa wuri ɗaya, amma mai tsaron gida na wannan gefe, lamba tara na wancan, tsakaninsu yara goma sha shida kamar katanga. Da aka gama ya tashi ya tambaye su wa ya fi son yaron cikin mutanen nan biyu. Ya yi zaton duk za su ce mai horarwa. Lamba tara ya ce ɗan kasuwa. Ya ce, "Koci, shi ya ba shi takalmi. Haƙuri ba ya sayen magani in uwarka ba ta da lafiya." Wuri ya yi tsit. Garin nan babu gidan da ba shi da ɗan ci-rani a Abijan ko Libiya ko Kamaru, kowa ya san mai cewa zauna da mai cewa tashi, kuma sau da yawa mai cewa tashi shi ke riƙe da kuɗin mota.

Na ga Koci ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya zauna a kan gurup da ya huce ya ba su labarin Harouna Doula, tsohon kocin Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu. Su ba a haife su ba ko kuma suna goye lokacin. Ya ce a Oktoba 2010 Masar ta zo Yamai tana riƙe da kofin Afirka uku a jere, Mena ta ci ta ɗaya da nema, Moussa Maazou ya jefa. Wasa uku na gida duk aka ci, uku na waje duk aka sha kashi. Ranar ƙarshe Masar ta zuba mana uku a Alƙahira, ƴan Afirka ta Kudu suka yi kunnen doki da Saliyo suna rawa a fili, sun ɗauka yawan ƙwallaye ake dubawa, ashe sakamakon karawa tsakanin ƙasashen da suka yi maki ɗaya ne, kuma a nan mu ke gaba. Haka Nijar ta je kofin Afirka karo na farko, 2012, aka ba Doula kyautar kocin Afirka na 2011. Sai ya ce, "Kun san abin da ya faru da aka je? Gabon ta ci mu biyu a wasan farko, aka miƙa ragamar ga Bafaranshen da aka kawo ya ba shi shawara. Mutumin da ya kai mu." Ya yi shiru. Wani yaro ya ce, "To Koci, mi ya yi?" Ya ce, "Gobe ƙarfe huɗu a fili. Wanda ya makara zagaye biyar."

Ban san abin da ya so su ɗauka ba, na kuma tabbata shi ma bai gama sani ba. A hanya ya ce mini shi kansa ya tuna, wai shekara shida yana wanke riguna da sabulunsa, ranar da yaro ya yi fice wani mai kuɗi zai zo ya ɗauke shi ko sallama babu.

Lahadi, 29 ga Disamba

Asabar biyu ba mu nuna fim ba, kuma ba laifin gurup ba ne. Kokowar takobi ake yi a Doso, duk mai tele ya fito da ita waje, wanda ba shi da ita yana manne da rediyo. Wanda ya ce zai yi gasa da wannan a Tawa bai san garin ba. Nan aka yi ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin, kuma har yau Kawu na ba da labarin kamar shi ya riƙe masa ƙwaryar ruwa.

Sai muka juya abin: muka haɗa majigi da tele muka haska kokowar a bangon da dare. Mutanen da suka zo sun ninka na kullum sau uku. Na lura da abu ɗaya. Ƴan kokowa biyu kan yi minti da yawa sun sunkuya, goshi da goshi, ba wanda ya kama wani, fili kuma ba mai tari. Waɗannan mutanen ne uwargida ta ce ba za su iya zaman fim ɗin da ba a komai a cikinsa ba.

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Ɗari ya yi tsanani, hazo ya sa hasken majigi ya zama kamar igiya a iska. Mutum 40 da ƴan kai, kowa a cikin bargo. Mai shayi ya ce shi dai kada hunturu ya ƙare.

*Cocorico! Monsieur Poulet*, 1974. Mutum uku cikin wata ruɓaɓɓiyar Citroën, sun bar Yamai za su ƙauye saro kaji. Motar ba ta tafiyar kirki ba ta mutu ba, takardunta ba su cika ba, don haka maimakon gada sai su san yadda za su ƙetare kogi da ita. Suna zagin juna, suna cutar juna kan ƴan kuɗi, amma ba wanda ya taɓa cewa a sauke shi. Ba a yi dariya a filin nan kamar ta jiya ba. Direbobin tasha biyu da suka zo har da hawaye, ɗaya na cewa wallahi ya san motar.

A nan ƙa'idata ta sha wuya, don mutanen fim ɗin surutu gare su, suna hawa kan maganar juna. Na fassara abin da na kama, na bar sauran. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Abin da ya sa nake son fim ɗin nan ba a bangon yake ba, a bayansa yake. Ba su sa sunan mutum ɗaya a matsayin mai shi ba, sun haɗa farkon sunayensu ne suka ƙera suna guda: Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia da Jean Rouch. Damouré ɗan Sarkawan kogi ne, ma'aikacin lafiya, Lam Bafulatani, Rouch Bafaranshe da ya zo ƙasar nan tun shekarun 1940 yana injiniyan hanya. Fiye da shekara hamsin suna tare. Kuma a kan hanyar nan tamu Rouch ya cika, haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni cikin Fabrairu 2004, Damouré da Moustapha Alassane na cikin motar. A Yamai aka binne shi. Akwai masu cewa Rouch Bature ne da ya zo kallonmu kamar ƙwari, kuma manyan masu silimar Afirka sun faɗa masa haka a fuskarsa. Akwai fina-finansa da nake jin zafin wannan zargi in na kalle su. Wannan kam ban ji ba, don a nan Damouré ke jan akala, kyamara ce ke bin sa da gudu.

Na ba da wannan labarin bayan an gama, ba a tsakiya ba. Kawu ya ce, "Yawwa. Haka ake yi. A ci tuwo tukuna, sannan a tambayi wadda ta tuƙa."

Wani ƙaramin abu: da aka zo tura gurup zuwa shago, mai tsaron gida da lamba tara ne suka kama hannu bibbiyu. Ba su yi magana ba. Wataƙila don su suka fi ƙarfi ne kawai. Koci ya taka mini ƙafa don kada in ce wani abu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Lissafi, don Koci ya ce in rubuta. Esansi daga farko zuwa yau jika goma sha ɗaya. Buji jika biyu. Farar ƙasa karo na biyu, don akuya ta goga jikinta a ƙasan bangon har ya koma ja, jika ɗaya da rabi. Abin da aka tara a ƙwaryar da muke ajiyewa bakin fili jika shida da dala arba'in, da goro biyu. Sauran daga aljihunmu, rabi da rabi, sai dai rabin Koci ya fi nawa girma.

Matan unguwa sun aiko ƙanwata da saƙo: ƙwallo da mota sun isa haka, a kawo na aure. Ina da biyu a rai. Ɗaya *Le Wazzou polygame* na Oumarou Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972, labarin Alhajin da ya ɗauki budurwar da aka yi wa wani alkawari ya sa ta ta uku. Ɗayan *Zin'naariyâ!* na Rahmatou Keïta, 2016, ɗiyar gidan sarautar Damagaram da ta dawo daga karatu a Faransa ta baro zuciyarta can. Na Ganda kwafin da ke hannuna ya dushe, fuskoki kamar a cikin hazo. Na biyun ba ni da shi, kuma ba na son in sauko da na sata daga intanet in haska wa mutum sittin, mai fim ɗin na raye tana neman kuɗin na gaba. Na rubuta wasiƙa ina neman izini. Na kuma rubuta wa sauran masu fina-finan da ke raye, abin da ya kamata in yi tun Nuwamba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na Ganda muka sa, da dushewarsa. Na roƙi wata malama Bazabarma da ke koyarwa tare da mu ta karɓi mikoro, tun da ni daga rubutun Faransanci nake fassarawa, ita kuwa daga bakin mutanen take ji. Ta fi ni nesa ba kusa ba. Ba ta ƙara ko kalma, kuma in mace ta yi habaici a fim, da habaicin Hausa take mayar da shi, har mata na tafawa. Kawu ya tashi tsakiyar fim ya shiga gida. Na ɗauka wani abu ya gani da ya karya sharaɗinsa. Da safe Inna ta ce mini a'a, Alhajin ne ya yi masa kama da wani.

Ta karɓi tafinta daga yanzu duk ranar da fim na Zabarmanci ne. Na Faransanci ma na ce ta gwada, ta ce sai ta yi shawara da maigidanta.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya ne na ƙarshe kafin azumi. Bayan tarawihi ba mai zaman kallo, kuma mai lasifika ya ce aurarrakin kafin azumi sun riga sun cinye masa mako mai zuwa.

Ba fim ɗin kowa muka nuna ba sai na yaran. Mako biyu da suka wuce lamba tara ya zo ya same ni ƙofar gida, ya daɗe yana murza bakin rigarsa, sannan ya ce ko salula na iya yin irin na albasar nan. Na ba shi tawa ranar wasansu da ƴan wata unguwa, tun da ya ji ciwo a idon sawu ba zai buga ba. Na ce kada ya bi ƙwallo, ƙwallo ta fi shi gudu, ya zaɓi mutum ɗaya ya tsaya a kansa. Ban ce masa wa ba.

Mai tsaron gida ya zaɓa. Minti tara muka tace daga cikin arba'in. Hoton na rawa, iska ta cinye rabin sautin, akwai inda yatsansa ya rufe kusurwa. Ana ganin yaron shi kaɗai tsakanin duwatsu biyu da aka sa a madadin raga, yana ihu yana tsara ƴan bayansa, ba mai jin sa. Ana ganin an ci shi ta farko, ya je ya ɗauko ƙwallon daga cikin ƙaya da kansa. Ana ganin an ci shi ta biyu, ya tsuguna ya gyara ƙyallen kapitan da ya zame masa zuwa gwiwar hannu, don roba ce ta tsohon wando Koci ya ɗinka, ta saki. Sau huɗu yana gyara ta cikin minti taran nan. Biyu da ɗaya aka tashi, an cinye su.

Da aka haska, mikoro na hannuna, kashe. Yara na ta ihun ganin kansu a bango, uwar mai tsaron gidan ta rufe baki da mayafi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai har aka gama. Daga baya na ji ya ce wa lamba tara, "Mi ya sa ba ka ɗauki inda na kaɓe fanaretin ba?" Shi kuma ya ce batir ne ya mutu. Suka yi ta musu a kan haka har bakin shagon Koci, gurup a tsakaninsu.

Ƙyallen dai har yanzu ba a yanke hukunci a kansa ba. Koci ya ce zai ɗinka sabo mai maɓalli, kuma bayan salla zai sa yaran su zaɓa da kansu, shi ba ruwansa. Na ce in suka zaɓi wani na uku fa? Ya ce shi ma ya yi wannan tunanin.

Abin da ya rage kafin salla: a mayar da majigi ga mai shi a goge, fitilarsa ta fara ja, sai mun tambayi kuɗin sabuwa a Yamai. Amsar wasiƙu ba ta zo ba tukuna. Yara huɗu sun rubuta suna suna son aron salula, ɗaya yarinya ce, ta ce kakarta mai cuku za ta ɗauka. Ina bin Koci bashin godiya, shi kuma yana bi na jika uku da rabi.